Daga Tauraro Zuwa Kayan Marmari: Me Ke Cinye Jam'iyya Ta Uku a Kano?

Duk wanda ya saba bin titin Maiduguri ta Hotoro ya san gidan talabijin na ARTV. Ƙalilan ne cikin matasan unguwar suka san cewa sunansa na farko CTV 67, kuma gwamnatin jam'iyyar PRP ta Muhammadu Abubakar Rimi ce ta kafa shi a farkon shekarun 1980. Ginin yana nan, sunan Rimi yana jikinsa, jam'iyyar da ta gina shi kuwa sai an laluba kafin a ga tutarta a Kano.

Ana gab da zaɓen 2023, na zauna a teburin wani mai shayi da ke kusa da wurin, inda gardama ta kaure tsakanin wani matashi mai jar hula da wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati. Dattijon ya ce shi ya ajiye katin zaɓensa, domin tsintsiya da lema Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Matashin ya ce ai shi ya sa aka kawo kayan marmari, ga hanya ta uku ta samu. Dattijon ya kurɓi shayinsa ya ce: "Yaro, mu da muka ga mabuɗi."

Mabuɗi shi ne tambarin PRP, kuma abin da dattijon yake nufi shi ne cewa neman mafita daga manyan jam'iyyu ba sabon abu ba ne a garin nan. Kano ta gwada shi da NEPU, ta gwada shi da PRP, ta sake gwada shi da NNPP. Abin tambaya shi ne me ya sa duk lokacin da aka buɗe wannan ƙofa, ba a daɗewa sai ta rufe.

Tauraron da ya fito a 1950

A ranar 8 ga Agusta, 1950, mutum takwas suka kafa NEPU a Kano, cikinsu akwai Abba Maikwaru, Bello Ijumu, Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin. Malam Aminu Kano ya karɓi shugabancinta a 1953. Jam'iyyar Neman Sawaba ta riga NPC zama jam'iyyar siyasa, domin sai a watan Oktoba na 1951 Jam'iyyar Mutanen Arewa ta tashi daga ƙungiyar al'adu ta koma ta neman mulki. Magoya bayan NEPU teloli ne, da mahauta, da 'yan koli, da malaman zaure, da manoman da haraji da aikin tilas suka ishe su. Abin da ta zo da shi a fili yake: a rage ikon hukumar En'e, a gyara kotunan alƙalai, talaka ya zaɓi wanda zai mulke shi.

Karonta na farko da dokar zaɓe ya nuna abin da zai biyo baya. Zaɓen 1951 hawa-hawa aka yi shi: jama'a su zaɓi wakilai a unguwa, wakilan su zaɓi wasu, har a kai matakin lardi, kuma a kan hanya an bai wa En'e damar cusa nata mutanen. NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma da aka gama tacewa, ko mutum ɗaya nata bai isa majalisar Kaduna ba.

A zaɓen tarayya na 1959 an jefa ƙuri'a kai tsaye, ko da yake matan Arewa ba su da damar zaɓe a lokacin. NEPU ta samu ƙuri'a kimanin rabin miliyan, ta tashi da kujeru 8, ciki har da ta Malam Aminu a Kano ta Gabas. NPC ta samu kusan miliyan biyu, ta tashi da kujeru 134. Wato ƙuri'un NPC ba su kai ninki huɗu na NEPU ba, amma kujerunta sun haura ninki goma sha shida. Ba a musun ɗauri da bulala da 'yan NEPU suka sha, irin wanda ya kai Hajiya Gambo Sawaba kurkuku sau da dama. Sai dai ko da ba a daki kowa ba, tsarin da muka gada daga Ingila, inda mai rinjaye a mazaɓa yake kwashe komai, ya isa ya mayar da dubban ɗaruruwan ƙuri'u tamkar ba a jefa su ba. Kafin zaɓen 1964 jam'iyyun ƙasar sun dunƙule zuwa manyan ƙawance biyu, NNA da UPGA, kuma dole NEPU ta raɓe a inuwar ta biyun.

Mabuɗi, Santsi da Taɓo

Da soja suka ɗage haramcin siyasa a 1978, PRP na cikin jam'iyyu biyar da hukumar zaɓe ta FEDECO ta yi wa rajista. A 1979 ta ci gwamnan Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa, ta kuma ci gwamnan Kaduna, wadda ta haɗa da Katsina. Ta samu sanatoci 7 da 'yan majalisar wakilai 49. Malam Aminu ya samu kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙuri'un shugaban ƙasa, kuma rinjayensa a Kano ne ya hana Alhaji Shehu Shagari samun kashi ɗaya cikin huɗu a jihar, inda ya tsaya a kashi 19.94. Wannan giɓi ne ya haifar da shahararriyar shari'ar nan ta "sha biyu da biyu bisa uku", wadda Kotun Ƙoli ta yanke a watan Satumba na shekarar.

A wannan karon jam'iyyar talakawa ta riƙe mulki, kuma an ga bambanci. Rimi da Balarabe Musa sun soke haraji da jangali, abubuwan da NEPU ta shafe shekaru tana kuka a kansu. Gwamnatin Kano ta kafa hukumar yaƙi da jahilci, ta kafa jaridar Triumph, ta kuma ayyana ranar 1 ga Mayu a matsayin hutun ma'aikata a 1980, kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu. Duk wanda ke cewa jam'iyyu duk kanwar ja ce, ya dubi waɗannan shekaru.

Amma ba a cika shekara biyu ba gidan ya tsage. Gwamnonin biyu sun shiga tarurrukan gwamnonin adawa tare da na UPN da GNPP, uwar jam'iyya ta hana, suka ƙi ji. Daga nan aka samu 'yan Taɓo a bayan Malam, da 'yan Santsi a bayan gwamnonin da Michael Imoudu. A ƙasan rigimar akwai tambayar da kowace ƙaramar jam'iyya take fuskanta a irin wannan tsari: tunda ba za ta iya cin ƙasa ita kaɗai ba, da wace babba za ta jingina? Ko wace amsa aka bayar, sai wani ɓangare ya ga an ci amanar aƙida.

A Kaduna, majalisar dokokin da NPN ke da rinjaye a cikinta ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe Musa, sannan ta tsige shi a ranar 23 ga Yuni, 1981. A Kano, tarzomar 10 ga Yuli, 1981, wadda ta biyo bayan takardar tuhumar da gwamnati ta aike wa Sarki Ado Bayero, ta yi sanadin kisan Dakta Bala Mohammed, mai bai wa gwamna shawara kan siyasa. Malam ya rasu a ranar 17 ga Afrilu, 1983. Rimi ya ajiye mulki ya koma NPP, Sabo Bakin Zuwo ya ci zaɓe a PRP, ya yi wata uku, soja suka dawo a ranar ƙarshe ta shekarar.

Jam'iyyu biyu da dokar soja

Abin da tsarin zaɓe yake yi sannu a hankali, Janar Ibrahim Babangida ya yi shi da sanarwa guda. A watan Oktoba na 1989 ya yi watsi da ƙungiyoyi 13 da suka nemi rajista, ya ƙirƙiro SDP da NRC, ɗaya ta ɗan karkata hagu, ɗaya ta ɗan karkata dama. Gwamnati ce ta rubuta musu manufofi, ta gina musu ofisoshi a ƙananan hukumomi, ta ba su kuɗin gudanarwa.

Adalci ne a faɗi alherin da aka gani. A ranar 12 ga Yuni, 1993, M.K.O. Abiola na SDP ya kayar da Bashir Tofa na NRC a Kano, jihar Tofa ta haihuwa, abin da masu goyon bayan tsarin jam'iyyu biyu suke kafa hujja da shi har gobe, cewa yana tilasta wa ɗan siyasa neman jama'a a wajen ƙabilarsa. Amma a nan Kano, cusa 'yan Santsi da 'yan Taɓo cikin SDP bai sasanta su ba. Rikicin fitar da ɗan takara ya bai wa Kabiru Gaya na NRC kujerar gwamna a zaɓen Disamba na 1991. Mafi muni, jam'iyyar da gwamnati ta haifa ta kuma shayar, ba ta da mambobin da za su ce tasu ce. Da aka soke zaɓen 12 ga Yuni, shugabannin SDP da dama sun amince da gwamnatin riƙon ƙwarya, wasu kuma suka karɓi muƙaman minista a hannun Janar Sani Abacha. Tun daga wancan zamani ɗan siyasar Najeriya ya koyi kallon jam'iyya a matsayin motar haya, a hau a sauka inda aka ga dama.

Tsintsiya da lema

Jamhuriya ta huɗu ta fara da jam'iyyu uku a 1999. Balarabe Musa ne, tare da Gani Fawehinmi da wasu, ya kai INEC har Kotun Ƙoli, wadda a watan Nuwamba na 2002 ta rushe yawancin sharuɗɗan da hukumar ta ƙaƙaba wa masu neman rajista. Ƙofa ta buɗe, har aka kai jam'iyyu 91 da 'yan takarar shugaban ƙasa 73 a 2019. Duk da haka mulki bai fita daga hannun biyu ba. A Kano an yi PDP da Rabi'u Musa Kwankwaso a 1999, ANPP da Malam Ibrahim Shekarau a 2003, PDP da Kwankwaso a 2011, sannan APC da Abdullahi Umar Ganduje a 2015. Mutum uku ne, kuma kowannensu ya zauna a PDP ya kuma zauna a APC.

Ƙorafin mai neman sauyi ba a kan sunaye ya tsaya ba. A watan Janairu na 2012 gwamnatin PDP ta janye tallafin man fetur, matasan Kano suka mamaye shataletalen Silver Jubilee, 'yan adawar lokacin suka mara musu baya. A ranar 29 ga Mayu, 2023, gwamnatin APC ta janye tallafin, kuma manyan 'yan takara uku da suka fi samun ƙuri'a a zaɓen shekarar duk sun yi alƙawarin janye shi. Mutum yana iya ganin janyewar daidai ce ko kuskure ce. Abin lura shi ne, mai keken ɗinki a Gyadi-Gyadi da ke adawa da ita ba shi da babbar jam'iyyar da zai kai wa ƙuri'arsa. Shiga takara kuma ta fi ƙarfinsa: a 2022 APC ta sayar da fom ɗin shugaban ƙasa naira miliyan 100, PDP miliyan 40, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira dubu 30. Ma'aikacin da ke kan wannan albashi sai ya tara kuɗinsa na fiye da shekara 270 bai ci ko kwabo ba kafin ya sayi fom ɗin APC.

Sakamakon shi ne abin da dattijon teburin shayi ya yi. A 2023 mutum fiye da miliyan 93 ne suka yi rajista a ƙasar, waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai miliyan 25 ba. A Kano masu rajista sun kusa miliyan 6, waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai miliyan 2 ba. Waɗanda suka zauna a gida sun fi magoya bayan kowace jam'iyya yawa.

Darasin kayan marmari

Zaɓen 2023 ya girgiza tsarin. Peter Obi na jam'iyyar LP ya samu ƙuri'a sama da miliyan 6. Kwankwaso, wanda ya shiga NNPP a watan Maris na 2022, ya samu kusan miliyan ɗaya da rabi, wajen kashi biyu cikin uku daga Kano. Abba Kabir Yusuf ya ci gwamna da ƙuri'a 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna na APC ya samu 890,705, kuma sai a ranar 12 ga Janairu, 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar da nasarar, bayan kotuna biyu sun soke ta.

Wannan ya nuna Kano ba ta manta yadda ake juya wa manya baya ba. Amma akwai bambanci tsakanin tauraro da kayan marmari. NEPU ta fara da manufa, sannan ta sami jagora. NNPP tana kan takardar zaɓe tun 2003 ba tare da Kanawa sun san da ita ba, sai da jagora ya zo da jama'arsa ya shiga. Abin da ya ci zaɓe a Kano shi ne Kwankwasiyya. Shekarau ya shiga jam'iyyar a watan Mayu na 2022 ya fita a watan Agusta. Bayan zaɓe rikicin shugabanci ya kai ta kotu, kuma a 2025 Sanata Kawu Sumaila ya sauya sheƙa zuwa APC. A zaɓen ƙananan hukumomi na Oktoba 2024, NNPP ta lashe duka 44, kamar dai yadda APC ta lashe duka 44 a 2018 da 2021. Ƙaramar jam'iyya a Abuja ta zama babba a Kano, ta kuma yi abin da manya suke yi.

Inda gizo yake saƙar

Tun a 1951 masanin siyasa ɗan Faransa, Maurice Duverger, ya bayyana cewa tsarin da mai rinjaye yake cinye kujera a zagaye ɗaya yakan tura ƙasa zuwa jam'iyyu biyu. Mai zaɓe yana tsoron ɓata ƙuri'arsa, ɗan takara yana tsoron ɓata kuɗinsa, sai kowa ya gangara inda ake sa ran nasara. Amurka ma haka take fama: a 2000 Ralph Nader ya samu ƙuri'a kimanin dubu 97 a jihar Florida, inda tazarar da ta bai wa George Bush mulki ta kasance 537, kuma har yau ana zarginsa da ɓata wa Al Gore lissafi.

Kundin tsarin mulkin 1999 ya ƙara wasu katangun. Ba a tsayawa takara sai da jam'iyya, ko da kansila ne. Dole hedikwatar jam'iyya ta kasance a Abuja, shugabanninta su fito daga kashi biyu cikin uku na jihohi. An yi haka ne don gudun jam'iyyun ƙabilanci irin na jamhuriya ta farko, kuma manufa ce mai kyau. Amma da wannan doka tana aiki a 1950, da mutum takwas ɗin nan ba su kafa NEPU ba. A watan Fabrairu na 2020 kuma INEC ta soke rajistar jam'iyyu 74 saboda ba su ci kujeru ba, a tsarin da tun farko aka gina shi yadda ƙananan ba za su ci ba.

Masu cewa yawan jam'iyyu yana kawo rikici suna da hujja, kuma tana nan a maƙwabta. A Nijar, ƙawancen jam'iyyu ya kai Mahamane Ousmane na Damagaram ga shugabanci a 1993, ƙawancen ya watse, shugaban ƙasa da firaminista suka kasa zama inuwa ɗaya, soja suka karɓe mulki a watan Janairu na 1996. Sai dai rikicin nan ya samo asali ne daga raba ikon zartarwa tsakanin mutum biyu, abin da babu shi a tsarinmu. Gyaran da muke bukata ya fi wannan sauƙi, kuma an riga an rubuta mafi yawansa. Kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, wanda Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2007, ya miƙa rahoto a Disamba na 2008 yana ba da shawarar a halatta takarar ɗan indifenda, a kuma ware wasu kujerun majalisa a raba su gwargwadon ƙuri'un da kowace jam'iyya ta samu.

Mu auna da majalisar dokokin Kano mai kujeru 40. A yau, jam'iyyar da ta samu kashi 10 cikin 100 na ƙuri'un jihar, a warwatse daga Tarauni zuwa Doguwa, ba za ta samu ko kujera ɗaya ba. Da rabon gwargwado ake yi, da ta samu huɗu. Mutum huɗu ba za su kafa gwamnati ba, amma sun isa su tsare kasafin kuɗi da tambayoyi, su kuma nuna wa jama'a aikinsu kafin zaɓe na gaba. Idan aka haɗa da karɓe zaɓen ƙananan hukumomi daga hannun hukumomin da gwamnoni ke naɗawa, da toshe kafar da 'yan majalisa ke fakewa da ita ta "rikicin jam'iyya" su sauya sheƙa da kujerar jama'a, to ƙaramar jam'iyya za ta samu filin da za ta girma daga mazaɓa zuwa sama.

Wahalar ita ce, waɗanda za su gyara dokar su ne masu cin moriyarta, shi ya sa rahoton Uwais ya shafe fiye da shekara goma sha biyar waɗannan shawarwarin nasa suna jiran aiwatarwa. Saura kuma laifinmu ne, mu masu ilimi da albashi. 'Yan NEPU da kuɗinsu suke sayen katin jam'iyya, su yi karo-karo su ɗauki nauyin taro da na waɗanda aka ɗaure. Mu kuwa muna zagin jam'iyyu a Facebook, muna jiran wani attajiri ko tsohon gwamna ya kafa mana wadda za mu so. Wanda ya biya kuɗin ofis da na fosta shi zai fitar da ɗan takara, kuma ranar da ya tashi, da jam'iyyar zai tafi.

PRP tana nan da rajistarta. Gidan Malam a Gwammaja ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero, asibitin koyarwa da ke Gyadi-Gyadi da filin jirgin sama duk sunansa suke ɗauke da shi, kuma kowane ɗan takara a Kano, ko na wace jam'iyya ne, yana kiran kansa magajinsa. Kafin zaɓe mai zuwa, duk wanda ya zo neman ƙuri'arka zuwa majalisa da sunan Malam a bakinsa, ka tambaye shi matsayinsa a kan takarar indifenda, da rabon kujeru gwargwadon ƙuri'a, da wanda ya kamata ya gudanar da zaɓen kansilan mazaɓarku. Ka rubuta amsar da ya bayar, da ranar da ya ba da ita.